Hawayi: Inuwar Giginya

Masu iya magana kan yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta. Ban san wata ƙasa da wannan kirari ya fi dacewa da ita ba kamar tsibiran Hawayi, waɗanda ke tsakiyar tekun Pasifik, nisan sama da mil 2,000 daga gaɓar Amurka ta yamma. A shekarar 2019 kaɗai, baƙi fiye da miliyan 10 suka sauka a can domin shan iska, alhali mazauna tsibiran ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Baƙon yana kwana a bene, ya leƙo ta taga ya ga shuɗin ruwa da farin yashi da itatuwan kwakwa, ya ce ya ga aljannar duniya. Da zai yi tafiyar awa guda zuwa yammacin tsibirin Owahu, da ya ga tantuna da rumfunan tamfol da katako jere a bakin teku, inda jikokin masu ƙasar suke kwana. A kan waɗannan mutane nake son yin magana, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: abin da hukumomi suka daɗe suna yi musu da sunan tsabtace gari zalunci ne, ko da wace riga aka sa masa.

Tsibiran nan suna da wata tsohuwar doka. Tarihinsu ya nuna cewa Sarki Kamehameha na Ɗaya, tun yana matashin mayaƙi, ya taɓa far wa wasu masunta da ba su yi masa laifin komai ba. Yana cikin bin su sai ƙafarsa ta maƙale a tsagin dutse, ɗaya daga cikinsu ya juyo ya rafka masa filafilin tuƙa kwalekwale a ka, har filafilin ya tsage. Bayan shekaru, da mulki ya tabbata a hannunsa, aka kawo masa mutumin. Maimakon ya sa a kashe shi, sai ya amsa cewa shi ne mai laifi, kuma a 1797 ya kafa Dokar Tsagaggen Filafili, wadda ta ba tsoho da mace da yaro damar kwanciya a bakin hanya ba tare da fargaba ba. A 1978 aka shigar da dokar cikin tsarin mulkin jihar, kuma tana nan har gobe.

To, a dubi yadda magadan wannan doka suka riƙe ta. A 2013 wani ɗan majalisar jiha, Tom Brower, ya riƙa zagaya titunan Honolulu da ƙatuwar guduma yana farfasa amalanken kanti da marasa gida ke zuba kayansu a ciki. A watan Satumba na 2014 birnin ya haramta zama ko kwanciya a hanyar masu tafiya a ƙasa a unguwar Waikiki, inda manyan otal-otal suke, da hukuncin tarar da za ta iya kaiwa dala 1,000 ko ɗaurin kwana 30. Magajin garin na lokacin, Kirk Caldwell, ya raɗa wa manufarsa suna tarwatsawa cikin tausayi. Tausayi ke nan! Mutumin da ya rasa kuɗin ɗaki, shi za a ci tarar dala dubu?

Ina waɗanda aka kora daga Waikiki suka nufa? Tsibiri ne, ba su da wata jihar maƙwabta da za su taka su shiga. Da yawansu sun gangara unguwar Kaka'ako, inda a 2015 sansani ya kumbura har ya kai mutum wajen 300, da mata da ƙananan yara. Aka tarwatsa wannan ma, kuma a watan Oktoba Gwamna David Ige ya kafa dokar ta-ɓaci a kan rashin matsuguni. A shekarar ce wasu da abin ya shafa suka maka birnin a kotu saboda ma'aikata na kwashe musu tantuna da magunguna da katin shaida suna zubarwa a motar shara, har birnin ya amince da sulhu a 2016. Wanda aka jefar masa da katin shaida, da me zai nemi aiki ko ya kama haya? Ƙidayar 2016 ta sami marasa gida 7,921 a jihar, kuma a 2024 Owahu kaɗai tana da 4,494. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Na san abin da masu kare hukuma za su ce. Za su ce a sansanonin nan akwai 'yan ƙwaya da masu taɓin hankali, akwai ƙazanta da faɗace-faɗace, kuma mai shago da mai wucewa su ma suna da haƙƙi. Ban musa ba, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma shaye-shaye da taɓin hankali akwai su a kowace jiha ta Amurka, sai dai ba ko'ina ne suke jefa mutum kan titi da yawa haka ba. Abin da ya bambanta Hawayi shi ne tsadar muhalli. Tun 2021 matsakaicin farashin gida a Owahu ya haura dala miliyan ɗaya. A 2024 mafi ƙarancin albashi dala 14 ne a awa, alhali mai son kama hayar gida mai ɗaki biyu ba tare da ya shiga uku ba yana bukatar sama da dala 40 a awa. Wato sai mutum uku sun haɗa guminsu kafin su rufa wa iyali ɗaya asiri. Shi ya sa a cikin tantunan ake samun masu tashi da asuba su tafi aiki, da yara masu shirin makaranta. Wanda ya kira waɗannan malalata ya bar jaki yana dukan taiki.

Tsadar kuwa tana da asali, domin ruwa ba ya tsami banza. Kafin zuwan Turawa, mutanen Hawayi ba su san sayar da ƙasa ba. A 1848 aka yi rabon da ake kira Mahele, a 1850 aka halatta wa baƙi mallakar fili, kuma abin da ya shiga hannun talakawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar ba. Masu gonakin rake suka yi kaka-gida, har a 1893 suka hamɓarar da Sarauniya Liliyu'okalani da goyon bayan sojojin ruwan Amurka. A 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran, a 1959 suka zama jiha. A 1993 majalisar dokokin Amurka ta nemi afuwa a rubuce, amma afuwar ba ta mayar da ko taku ɗaya na ƙasa ba. A 2012 attajiri guda, Larry Ellison, ya sayi kashi 98 cikin ɗari na tsibirin Lana'i.

Daɗin daɗawa, akwai alkawarin da aka yi aka kasa cikawa. Dokar 1921 ta ware eka wajen 200,000 domin a ba 'yan asalin ƙasar haya ta shekara 99 a kan dala ɗaya a shekara. Bayan shekara ɗari, mutum sama da 28,000 suna kan layin jira. Wasu sun kai ƙara a 1999, ba a daidaita ba sai 2022, a kan dala miliyan 328, lokacin da da yawa daga cikin masu ƙarar suna kabari. Ba mamaki ƙidayar 2024 ta nuna kusan rabin marasa gida a Owahu 'yan asalin Hawayi ne da na sauran tsibiran Pasifik, ita kuma ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna 'yan asalin da ke zaune a babban yankin Amurka sun fi waɗanda suka rage a gida yawa.

Gobarar Lahaina ta ƙara tona asirin. Ranar 8 ga Agusta, 2023, wuta ta cinye garin da ke tsibirin Mawi, ta kashe mutum sama da 100, ta ƙone gine-gine fiye da 2,000. Bayan wata biyu kacal aka fara buɗe yankin ga masu yawon buɗe ido. A watan Nuwamba mutanen garin suka kafa tantuna a bakin tekun Ka'anapali, a gaban manyan otal-otal, suna neman a mayar da gidajen da ake ba baƙi hayar 'yan kwanaki su zama na mazauna. Ɗakuna suna nan, masu su ne suka fi son dalar baƙo.

Shin babu mafita? Akwai, kuma daga cikin tantunan ta fito, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kusa da tashar ƙananan jiragen ruwa ta Wai'anae, mutum sama da 200 suka kafa ƙauye suka kira shi Pu'uhonua, wato tudun mun tsira, ƙarƙashin jagorancin wata mata, Twinkle Borge. Suka raba shi unguwa-unguwa, kowace da mai kula da ita, suka kafa dokokin zama da aikin gayya, suka sa ido a kan karatun yara. Sukan ce rufi suka rasa, amma Hawayi gidansu ce. A 2018 hukuma ta so tashinsu, jama'a suka tsaya musu, ta janye. A 2020 suka sayi eka 20 da kuɗin gudummawa domin gina ƙananan gidaje. Matar ta rasu a watan Agusta na 2024, bayan ta nuna cewa abin da guduma da motar shara suka kasa, fili da amana sun iya. Ita ma gwamnati ta fara gina irin waɗannan ƙauyuka da ake kira kauhale, kuma a 2022 ta ware dala miliyan 600 domin rage layin jiran nan. Abin a yaba ne, sai dai bashin shekara ɗari ba ya biyuwa da hannu ɗaya alhali ɗayan yana riƙe da tsintsiya, balle ga shi a Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wa birane hukunta masu kwana a waje.

Mai karatu da ya san abin da ya sami Maroko a Legas cikin Yulin 1990 ba ya bukatar tafinta: duk inda bakin ruwa ya yi tsada, talakan da ke kansa shi ake fara kira datti. Abin da ya wajaba a kan hukumomin Hawayi a fili yake. Su daina korar mutum sai sun nuna masa inda zai kwana, su sallami masu jiran filayen 1921 tun suna da rai, su taƙaita hayar baƙi a unguwannin mazauna. Kamehameha sarki ne mai takobi, duk da haka da aka fasa masa kai ya gane cewa shi ne da laifi. Allah ya ba masu mulkin yau irin wannan kunya.