A Kai Yaranmu Ƙasar Girka Ta Hanyar Anka

Akwai wata al'ada da ta kama malamanmu wajen koyar da labarin ƙasa, wadda mu ke so a dube ta. In aka zo kan ƙasar Girka, sai malam ya rubuta sunan babban birninta a allo, ya jera sunayen masana uku ko huɗu, yara su haddace, shi ke nan an wuce Italiya. Yaron Gummi ko na Bukkuyum ya tashi bai san ko mutanen nan shuka su ke yi ba, ko kiwo, balle ya san abin da ya haɗa shi da su. Mu a ganinmu, kamata ya yi malam ya ɗauki yaran kamar ayarin matafiya, shi ne madugu, ya bi da su zango zango, ya fara daga abin da su ka sani.

Ai kuwa sun san Girkawa, sunan ne kurum ba a faɗa musu ba. Man Robb da a ke shafa wa mai mura na kamfanin PZ ne, harafin Z ɗin nan kuwa sunan wani Bagirke ne, George Zochonis, wanda ya kafa kamfanin tare da abokinsa Paterson a 1884. Leventis ma, da dattawanmu su ka san kantinsa a Kano, Bagirke ne na tsibirin Kubrus. Malaman zaure sun riga kantuna sanin mutanen nan, da sunan Yunanawa. Ilmin manɗiƙi daga Aristo ya samo asali, littafin nan kuma da a ke kira Isaguji, sunansa kalmar Girkanci ce, ma'anarta gabatarwa.

To, ga hanya. Matafiyi zai tashi daga Anka ya bi ta Gusau zuwa Kano, ya shiga jirgin sama zuwa Alƙahira, daga can ya ƙetare Bahar Rum cikin kamar sa'a 2 ya sauka Atina. Tun daga sama zai ga abin da ya kamata a fara gaya wa yara: duwatsu da teku. Faɗin ƙasar kusan murabba'in mil 51,000 ne, watau ta ninka Jihar Zamfara sau 3 da ɗoriya, amma kashi 4 cikin 5 nata duwatsu ne. Mafi tsawonsu shi ne Olimfus, ƙafa 9,570. Tsibirai kuwa dubbai ne, waɗanda ke da mutane sun ɗara 200, babbansu Karita. Jama'ar ƙasar duka, bisa ƙidayar 2021, ba su kai miliyan 11 ba.

Abin da zai fi ba manomin Zamfara mamaki shi ne yanayi. Mu ruwa da zafi tare su ke zo mana. Su kuwa lokacin sanyi a ke yi musu ruwa, watannin Yuni da Yuli da Agusta, sa'ad da geronmu ke cikin ganiyarsa, su ne raninsu. Saboda haka abin da ƙasar ta fi karɓa shi ne itacen zaitun da inabi, masu dogon saiwa da jure ƙishi, sai alkama da sha'ir, sai awaki a kan tuddai. Tun zamanin da, hatsin Atina ba ya isar ta, sai ta sayo daga ƙetare. In yaro ya gane wannan, ya gane dalilin da ya sa Girkawa su ka zama mutanen jirgin ruwa da fatauci, har ɗayansu ya zo ya buɗe kanti a ƙasar Hausa. Ba son yawo ba ne, gona ce ta yi kaɗan.

Duwatsun nan kuma su ne su ka raba su birni birni, kowane da dokarsa da rundunarsa, harshe ɗaya, amma ba jituwa. Atina da Sifarta sun yi shekara 27 suna yaƙi, daga 431 zuwa 404 kafin haihuwar Annabi Isa, har su ka raunana juna, Filibus na Makidoniya ya zo daga arewa ya rinjayi biranen a 338. Malamin da ke koyarwa a Anka, inda Sarkin Zamfara ya ke zaune, ba ya bukatar ya wahala wajen bayani. Sai ya tuna wa yara yadda Zamfara da Gobir da Kabi da Katsina su ka zauna, da yadda Gobirawa ƙarƙashin Babari su ka ci Birnin Zamfara wajen 1762, sarauta ta yi ta ƙaura daga gari zuwa gari kafin ta tabbata a Anka.

Kowane baƙo a kan kai shi kan dutsen Akurofolis ya ga Fartenon, ginin farin dutse da aka fara a 447 kafin haihuwar Annabi Isa. Lalle abin kallo ne, masu ziyarar ƙasar sun fi miliyan 30 a 2023. Amma madugun da ya fito daga yammacin Zamfara, mu ke cewa kada ya tsaya nan. Ya ja ayarinsa kamar mil 40 kudu maso gabas da Atina, zuwa wani gari na bakin teku mai suna Labiriyo. Ba shi da ƙayatarwa, galibin baƙi wuce shi su ke yi, amma a nan arzikin Atina ya fito.

A duwatsun Labiriyo aka haƙi azurfa. Ramukan na nan har yau, waɗansu sun fi ƙafa 300 zurfi, ga kuma wuraren wanke dutsen da aka niƙa, da tafkunan da aka gina don tara ruwan sama. Dubban bayi ne su ka yi aikin, kuma wannan abu ne da bai kamata a ɓoye wa yara ba in ana yabon mulkin jama'a na Atina, domin bawa da mace ba su da bakin magana a majalisar. A 483 aka tarar da wata jijiya mai yawan azurfa. Aka kawo shawara a raba kuɗin, kowane ɗan gari ya sami dirakma 10. Wani mutum mai suna Temistokil ya tashi ya ce a'a, a sassaƙa jiragen yaƙi. Jama'a su ka bi shi, bayan shekara 3 jiragen nan ne su ka karya rundunar Farisa a Salamis.

Azurfar Labiriyo kuwa a cikin dutsen dalma ta ke. Aka sake buɗe aikin a ƙarni na 19, ba a daina narka ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 20, masu bincike kuma su ka tarar da dalma mai yawa a ƙasar garin da cikin jinin yaransa. Wa zai ji wannan a ƙasar Anka da Bukkuyum bai yi ajiyar zuciya ba? A 2010 ne likitoci su ka gano abin da ke kashe yara a Dareta da Abare da 'Yargalma da maƙwabtansu: dutsen zinariya mai haɗe da dalma, ana niƙa shi a bushe cikin gidaje, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 su ka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a yi mata wannan aiki ba sai 2013.

Wani zai ce mun mai da darasin labarin ƙasa wa'azi, kuma lokacin da aka ware wa Turai duka bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne lokaci kaɗan ne. Amma Gwamnatin Tarayya, wadda ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024, kuma da yawa daga yaran da ke zaune gaban malam yau, gobe a bakin rami za a same su. Waɗansu kuma su ne za su zama akawuna da kansiloli, a hannunsu za a yanke inda kuɗin zai tafi.

Abin da mu ke roƙo ga malamai, musamman waɗanda ke fitowa daga kolejin horon malamai, darasi 2 ne kurum. A na farko a zana taswira a ƙasa, a yi tafiyar daga Anka har Atina. A na biyu a raba aji gida biyu, a sa su a matsayin majalisar Atina ta shekarar 483: waɗannan su nemi a raba dirakma goma goma, waɗancan su nemi jirage. A zaɓi yaro ɗaya kuma ya tsaya a bakin ƙofa a madadin masu shiga ramin, malam ya tambayi aji ko za a bar shi ya yi magana.