Kura Da Fatar Akuya: Wiwi A Ledar Alewa

Akwai wata magana da masu kare cinikin alewar wiwi suke fakewa da ita, har na ji wasu daga cikinmu sun ara suna yafawa. Wai leda ba ta bugar da kowa. Wai abin da ke ciki shi ne abin dubawa, fakiti kuwa ado ne kurum, in yaro ya ɗauka ya ci to sakacin iyayensa ne. Ni kam ban yarda ba, kuma ga dalilaina. Wanda ya ga na kauce hanya, fili a buɗe yake, ya ɗauki alƙalami ya mayar mini da martani a fitowa ta gaba.

Bari in fara share fage saboda wanda bai san inda aka dosa ba. Mu a nan mun san wiwi ganye ne da ake naɗewa a zuƙa, yana da wari mai tona asiri, mai shansa sai ya nemi kango ko bayan gari. To, a shekarar 2012 mutanen jihohin Kolorado da Washinton a Amurka suka jefa ƙuri'ar halatta shi ga manya, a farkon 2014 aka buɗe kantunansa a Kolorado. Kanada ta halatta shi a 2018, sa'an nan a 2019 ta yarda a sayar da irin wanda ake ci. Watau ana tatso sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC, a zuba shi cikin alewa mai danƙo, ko cakulan, ko biskit, ko lemon kwalba. Ka ga ke nan hayaƙi ya tafi, wari ya tafi, ganyen ma ba a ganinsa. Duk shaidun da a da suke gaya wa hanci da ido cewa ga wiwi, an sallame su. Shaida ɗaya tak ta rage, ita ce ledar da aka ƙunshe abin. Ashe kuwa wajibi ne mu tambaya, me wannan shaida take faɗa?

Ga abin da take faɗa. A 2019 kamfanin Mondelez ya kai ƙarar masu sayar da wata alewar wiwi mai suna Stoney Patch, saboda ledarta ta kwaikwayi tasa ta Sour Patch Kids. A watan Mayu na 2021 kamfanin Wrigley shi ma ya garzaya kotu a Amurka da Kanada, domin an ɗauki launi da rubutu da sunan Skittles da Starburst an manna wa wiwi. A 2023 hukumomin Amurka biyu, ta kula da abinci da magunguna da ta kula da ciniki, suka aika wa kamfanoni 6 takardar gargaɗi a kan kayan maye da aka zuba a leda mai kama da ta Doritos da Cheetos da Nerds. Biri ya yi kama da mutum har ya wuce misali. Ba na cewa manyan kamfanonin alewa tausayin yara ne kaɗai ya kai su gaban alƙali, ai sunansu suke karewa. Amma ƙararsu ta tabbatar mini da abu guda: suna da launi dukiya ne, shi ya sa ake satarsu. Ɓarawo ba ya fasa rumbun da ya san babu hatsi.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce waɗannan 'yan bayan fage ne, ko masu bi ta kafar da dokar noma ta Amurka ta 2018 ta bari, masu lasisi ba ruwansu. To, in haka ne, me ya sa sai da hukumar Kolorado ta hana masu lasisin nata rubuta kalmar alewa a kan fakiti a 2016, ta kuma tilasta musu buga tambarin gargaɗi a jikin abin da ake ci? Me ya sa a 2017 sai da doka ta hana su ƙera alewa cikin siffar dabba ko mutum ko 'ya'yan itace? Ba a hana mutum abin da ba ya yi. Kuma in leda ado ce kurum, a gaya mini dalilin da ya sa kamfanonin sigari suka kwashi lauyoyi suka tafi babbar kotun Ostareliya a 2012 don a soke dokar da ta tuɓe wa kwalin taba launi da tambari. Sun faɗi a shari'ar, amma zuwansu kotu shi kansa shaida ne. Ɗan kasuwa ba ya zubar da kuɗinsa a kan abin da ba ya jawo masa mai saye.

Yanzu mu zo ga yara, inda a nan ne maganar ta fi ciwo. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a farkon 2023 ya nuna cewa a 2017 an kai rahoton yara 207 'yan ƙasa da shekara 6 da suka ci irin wannan kaya a Amurka. A 2021 adadin ya kai 3,054. Mafi yawansu a cikin gida abin ya faru, kuma fiye da kashi ɗaya cikin biyar sai da aka kwantar da su a asibiti. Mai cewa laifin iyaye ne yana da 'yar gaskiya, lalle wanda ya ajiye maye inda hannun yaro zai kai ya yi ganganci. Amma ina so mai karatu ya yi tunani. Gargaɗin nan da ake taƙama da shi rubutu ne, galibi ƙanana-ƙanana a gindin leda. Yaro ɗan shekara uku bai san baƙi ba balle wasali. Abin da ya iya karantawa shi ne ja da rawaya da kore da zanen 'yar tsana mai murmushi, kuma wannan karatu ya iya shi sarai. An yi wa lauya magana da harafi, an yi wa yaro magana da launi, sa'an nan a juyo a ce ba a yi wa yaron magana ba!

Manya ma ba su tsira ba, sai dai tasu yaudarar ta wajen kima ce. Wanda ya zuƙi hayaƙi nan da nan yake jin abin ya hau masa kai. Wanda ya ci kuwa sai abin ya bi ta ciki da hanta, yakan ɗauki rabin awa har zuwa awa biyu kafin ya fara aiki, in ya kama kuma ya daɗe bai saki ba. A watan Maris na 2014 wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya rasa ransa a birnin Denba. Biskit ɗaya ne, mai ɗauke da miligiram 65, mai kanti ya ce a raba shi gida shida a ci kashi ɗaya. Ya ci ya jira bai ji kome ba, sai ya cinye sauran, bayan 'yan awoyi ya faɗo daga bene hawa na huɗu. Don Allah, wa ya taɓa raba ƙosai ɗaya gida shida ya ci gutsure ya ajiye saura? Siffar abinci ita ke gaya wa mutum yadda ake cinsa. Biskit ɗaya loma ce, ledar alewa ɗaya ta zama guda ce, haka kowa ya tashi ya gani tun yana ƙarami. Dokar Kolorado ta ƙayyade miligiram 10 a ci ɗaya, 100 a fakiti, alhali an sami ledojin kwaikwayo da aka rubuta wa har 600.

Kanada ta gwada wata hanya. Dokarta ta 2019 ta ce fakiti ya zama ba ado, ya yi wa yaro wuyar buɗewa, ya ɗauki jan tambari da gargaɗi a kan rawaya, kuma kada ya wuce miligiram 10. Wannan ya fi, amma bai kashe maganar ba, domin da zarar an yage leda, alewar da ke ciki ita ma tana da bakin magana. Lardin Kebek shi ne ya gane haka, ya hana sayar da wiwi cikin alewa da cakulan da kayan zaƙi ɗungurungum. Binciken likitoci na 2022 ya nuna cewa kwantar da yara a asibiti saboda wannan guba ya fi hauhawa a lardunan da suka yarda da alewar, irin su Ontariyo da Albata, fiye da Kebek. Saboda haka ni a ganina zaƙi da siffa su ma ƙunshi ne, leda ce ta biyu a cikin ta farko.

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce. A 2021 hukumar NDLEA ta kama masu sayar da biskit mai haɗe da wiwi a Abuja. Kuma mun ga yadda kwalbar maganin tari ta sa wa kodin rigar mutunci, har ta shiga ɗakunan da naɗin wiwi ba zai taɓa shiga ba, sai da gwamnati ta hana shi a 2018. Ledar alewa ba ta neman tafinta, yaron Fagge zai fahimce ta kamar yadda yaron Denba ya fahimta.

Abin da nake nema a wurin masu waccan magana ba shi da yawa. Tun da sun ce leda ba kome ba ce, to su yarda a ƙasashen da aka halatta abin a mai da shi ƙwaya marar zaƙi, a zuba a kwalba mai ruwan toka, marar zane, marar suna mai daɗin faɗa, a ajiye a kan kanta shekara guda, sa'an nan su kawo mana littafin cinikinsu mu duba.