Gidan Gado Mai Fuska Uku

A kan hanyarmu ta zuwa makaranta akwai wani gida da yaran zango suka raɗa wa suna "gidan faci". Ba za mu faɗi layin ba, domin kusan kowane zango yana da irinsa, daga Kumasi har Nima da Sabon Zango a Ankara. Kakan gidan ya gina tsakiyarsa da ƙasa. Ɗansa ya ƙara ɗakuna biyu na bulo a hannun dama, rufinsu ya ɗara na tsohon tsawo. Jika kuma ya fasa bangon hagu ya buɗe shago, ya shafa masa shuɗin fenti. Taga uku, kowace da girmanta, babu wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata ɗalibarmu 'yar gidan, wadda ta gwammace ta yi zagaye mai nisa da dai ƙawayenta su raka ta ƙofar gida. Wannan ya taɓa mu ƙwarai. Mun san babu halin rushewa a sake gini, mutum ashirin ko fiye ke kwana a ciki. Amma irin wannan gida yana gyaruwa da kuɗi kaɗan, in an bi aikin daki-daki.

Farkon aiki ba fenti ba ne, ruwa ne. A tsaya a waje ranar da ake ruwan sama, a duba inda yake zuba. Galibi ɓarnar tana wurin da sabon kwano ya haɗu da tsoho, nan ruwa ke tsiyaya a jikin bango, sai kuma gindin bango inda yake fallatsa. A kira kafinta ya toshe mahaɗar, ya sa indararo, a gyara kwata ta janye ruwa daga gindin gini. Wanda ya yi fenti bai yi wannan ba, damina ɗaya za ta cinye kuɗinsa.

Na biyu, muna roƙon jama'a da su daina lulluɓe bangon ƙasa da siminti. Da yawa suna ganin ta haka tsohon ɓangare zai yi kama da sabo. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitar da ita, siminti kuwa kulle ta yake yi a ciki, ƙasar ta jiƙe, gara ta samu wurin zama, wata rana filastar ta ɓamɓaro gaba ɗaya. Ba mu kaɗai muka gani ba. Tsohon masallacin Larabanga da ke arewacin ƙasar nan an shafe shi da siminti a shekarun 1970 da niyyar kare shi, sai laima ta taru ciki, gara ta ci itatuwansa. A 2002 guguwa ta rusa wani ɓangarensa, kuma da aka zo gyara sai da aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa. Iyayenmu a Kano da Zariya da Damagaram da makuba suke yaɓe, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. In babu mai wannan sana'a kusa, a yi yaɓen ƙasa mai kyau, a bi shi da farar ƙasa, a riƙa sabuntawa.

Na uku shi ne haɗa fuskokin su zama ɗaya, kuma nan ne dabara ta fi kuɗi aiki. Ido yana bin layi. A ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar ƙafa biyu ko uku daga ƙasa, a shafa launi mai duhu a ƙasan layin tun daga shago har ɗakunan bulo ba yankewa. Wannan ɗamara tana ɓoye taɓon da ruwa ke fallatsawa, tana kuma nuna cewa gida ɗaya ne. Saman layin ya zama launi ɗaya mai haske. Tagogin da ba su daidaita ba, ba sai an fasa bango ba: a zana wa kowace firam mai faɗi ɗaya, a yi musu fenti ɗaya da ƙofa. Sabuwar filasta a kan bulo a bar ta ta bushe kamar mako huɗu kafin fenti. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwan ƙarshen shekara, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi.

Sa'an nan a ba ƙofar gida haƙƙinta. Can gida, zaure ne fuskar maigida, a nan magina ke zuba zane da zanko. A yi wa ƙofar kewaye, a gyara dakali, a kawar da wayoyi da tarkacen da ke rataye. In akwai fili, a dasa darbejiya, amma nesa da bango saboda saiwa.

Gaskiyar magana, mafi wuya ba bango ba ne, magada ne. Kowa ɗakinsa yake gyarawa ya bar na kowa da kowa, shi ya sa gidan ya yi fuska uku tun farko. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shawararmu ita ce babban gida ya tara kowa, har mai shago da 'yan haya da waɗanda ke ƙasashen waje, a yarda a kan launi biyu kacal, a rubuta abin da kowa zai kawo, a damƙa kuɗin a hannun mutum ɗaya amintacce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu baƙi ne a idon wasu duk da a nan aka haife mu, kuma mai wucewa da bangonmu yake fara auna mu. Allah ya ba mu ikon gyarawa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.