Yadda Fadar Sarakunan Mugal Ta Koma Bariki

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan Lal Qila, jar ganuwar nan ta Delhi da muke gani a finafinan Indiya.

Sarki Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, shi ya kammala ta a 1648, zuriyarsa ta zauna ciki kusan shekara 200. Bayan boren da Indiyawa suka yi musu a 1857, Turawan Ingila suka gurfanar da sarki na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, a cikin gidansa, suka kore shi zuwa Rangun. Daga nan suka rushe yawancin ɗakuna da lambuna, suka kafa dogayen gine-ginen bariki. Rang Mahal, ɓangaren matan sarki, wanda a da ruwa ke gudana ta tsakiyarsa, ya koma ɗakin cin abincin soja. Wannan ai wulaƙanci ne da gangan!

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ko bayan samun mulkin kai a 1947 sojan Indiya ya gaji barikin, bai fita ba sai 2003. A 2007 UNESCO ta sa ginin cikin kayan tarihin duniya, barikin kuwa yana nan tsaye, an mayar da wasu sassansa gidan tarihi.

Naku,
Mai karatu daga Zariya