RENON YARA MA SANA'A CE, A KOYE TA A HANNUN GWANI

Jama'ar zango, ga wata magana da mu ke so mu sa a gabanku yau. Duk wanda ya kai ɗansa wurin tela ko makaniki ya san ka'ida. Yaro zai yi kamar shekara 3 yana share shago, yana miƙa kayan aiki, yana kallon hannun maigidansa, sa'an nan a yaye shi. Ba wanda zai ba sabon yaron shago shadda mai tsada ya yanka ran da ya zo. Amma ga shi a gidajen renon yara da su ka yawaita a Nima da Mamobi da Asawase da Aboabo, sau da yawa yarinya ta kan fara aiki ran Litinin, kafin azahar an bar mata ɗaki cike da jarirai ita kaɗai. To, ashe shadda ta fi ɗan mutum daraja ke nan?

Ba laifin iyaye mata mu ke gani ba. Mai sayar da waƙe da shinkafa ta fita tun asuba, mai rumfa a kasuwa ba ta komowa sai magariba. Dā kaka ko gwaggo ke riƙe yaro a tsakar gida, yanzu kuwa su ma nema ya fitar da su. Gidan reno ya zama tilas. Abin tambaya shi ne, wa ya koya wa mai renon aikinta?

Mu duba yadda waɗansu su ka yi. A ƙasar Maleshiya akwai wata unguwa a kudancin Kuala Lumpur, sunanta Bukit Jalil, inda aka yi wasannin ƙasashen Kwamanwel a 1998. Yau ta cika da dogayen benaye, mazaunanta da yawa miji da mata duk aiki su ke tafiya. Gidan renon yara 'yan ƙasa da shekara 4, su "taska" su ke ce masa, kuma tun 1984 ya ke da dokarsa. Sai an yi masa rajista wurin hukumar jin daɗin jama'a. Ka'idodin da aka fitar a 2012 sun ƙayyade yawan yaran da mai reno ɗaya za ta riƙe: jarirai 3 in ba su kai shekara ba, yara 5 daga shekara 1 zuwa 3, yara 10 daga shekara 3 zuwa 4. Kuma a kan bukaci mai reno ta yi kwas ɗin PERMATA, wanda ba karatun aji kaɗai ba ne, har da gwajin aiki a cikin gidan reno na gaskiya.

Kada wani ya ce ai wannan sai ƙasa mai arziki. A nan Ghana ma an gwada, an gani. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 an yi bincike a makarantu 240 cikin gundumomi 6 na jihar Ankara. Aka koyar da malaman ƙananan azuzuwa na 'yan kwanaki, sa'an nan aka riƙa aiko masu dubawa har cikin aji, su zauna su ga yadda malama ta ke yi, su gyara mata. Da shekara ta ƙare sai aka ga koyarwa ta gyaru, yara sun ƙaru, kuma a makarantun kuɗi malaman da ke barin aiki sun ragu. Watau dai takardar shaida ita kaɗai ba ta isa ba, sai da wani babba a gefe yana gani yana gyarawa. Da ma Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Akwai wani abu kuma a cikin binciken nan da ya shafe mu kai tsaye. A makarantun da aka haɗa da tara iyaye ana yi musu bayanin sabuwar hanyar, ribar da yara su ka samu sai ta ragu. Wannan ya nuna shawo kan iyaye ba aikin taro kaɗai ba ne. Mu ma mun san halinmu. Da yawa cikinmu in ɗan shekara 3 bai komo gida da aikin rubutu ba, sai mu ce kuɗinmu ya tafi banza. Alhali kuwa wasa da waƙa da tatsuniya su ne karatun mai wannan shekaru. In mu ka matsa wa mai reno ta ɗauki bulala, mun rushe abin da aka koya mata.

Doka ba ta bar mu a baya ba. Dokar Yara ta 1998 ta ce ba a buɗe gidan reno sai da izini, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a su ke dubawa. Tun 2008 kuma aka sa shekara 2 na ajin share fage cikin ilmin farko na kowane yaro. Amma doka ba ta shiga ɗaki ta nuna wa yarinya yadda a ke kwantar da jariri rigingine, ko yadda a ke gane zazzaɓi ya yi tsanani, ko abin da za a yi in yaro ya shaƙe da gyaɗa. Wannan sai hannu da hannu.

Saboda haka ga shawararmu. Na ɗaya, kowace sabuwar mai reno a haɗa ta da uwar ɗaki wadda ta daɗe cikin aikin, kada a bar ta da yara ita kaɗai sai ta yi aƙalla wata 6. Na biyu, a rubuta yarjejeniya kamar yadda a ke yi a shagon ɗinki, gaban shaidu, a faɗi abin da za ta koya da ranar yaye ta. Na uku, a biya ta tun tana koyo, a kuma ƙara wa uwar ɗakin wani abu, domin koyarwa aiki ne a kan aiki. Na huɗu, masu gidajen reno na kowane zango su haɗa kai su roƙi ma'aikatan jinya na asibitin unguwa su riƙa zuwa suna koyar da taimakon gaggawa.

Mun san masu gidajen za su ce kuɗin wata zai hau, iyaye kuwa suna kuka da tsadar rayuwa. Gaskiya ne, zai hau kaɗan. Amma a lissafa da kyau. Yarinyar da aka koya wa aiki aka girmama ta ba ta saurin gudu, ba sai an nemi sabuwa kowane wata uku ba. Kuma tun 2017 akwai dokar Asusun Raya Zango. Sarakunanmu da shugabannin ƙungiyoyi su kai wannan bukata can a rubuce, yadda su ke kai ta magudanar ruwa da fitilun titi.

Ku kuma iyaye, ran da za ku biya kuɗin wata mai zuwa, ku tsaya ku yi tambaya uku. Ina takardar izinin gidan nan? Yara nawa ke hannun mai reno ɗaya? Wa ya koya mata, kuma wa ke duba ta? Mai gidan kirki ba za ta ji haushi ba. Wadda ta ji haushi kuwa, to, kun sami amsarku.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma a tabbata mai tanƙwarar ta iya, kada ta karya. Allah ya raya mana zuriya, ya yi musu albarka, amin.