Kafin Mu Tsinci Ta Ikko, Mu Adana Ta Gida

Jama'a, duk ɗan Arewa da ya zauna Ikko ya san al'adarmu ta ranar hutu. Akan tashi daga Agege ko Idi-Araba ko Obalende a nufi bakin teku, a da Bar Beach kafin ginin Eko Atlantic ya cinye wurin, yanzu kuwa Lekki ko Badagiri. Can za ka ga dattijo da gemunsa ya duƙa yana tsintar katantanwa da ƙumba, mai sa'a ma ya dace da haƙorin babban kifin nan shak, ya ƙulle don tsarabar yara. Ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne, muna ɗaukar wannan kaya zuwa ƙasar da ta fi Ikko tsohuwar katantanwa, alhali yaranmu ba su sani ba.

Masana duwatsu sun tabbatar cewa wajen shekara miliyan 90 da suka wuce, ruwan teku ya malale kwarin Binuwai da na Gongola, har ya haɗe da wani tekun ta hanyar Sahara. Halittun da suka mutu a cikinsa suka nutse a laka, laka ta daskare ta zama dutse. Dutsen da kamfanin siminti na Ashaka ke fasawa tun da ya fara aiki a 1979 irin wannan ne. A cikinsa, da kuma a yankin Pindiga, ana samun katantanwar da ta koma dutse, a naɗe kamar ƙahon rago. A 1954 wani masani mai suna Richard Reyment ya raɗa wa wani jinsinta Gombeoceras, wato da sunan Gombe, wani kuma Bauchioceras, da sunan Bauci. A ƙasar Sakkwato ma an tono haƙoran shak da ƙasusuwan wata dabbar teku da aka laƙaba wa sunan Goronyo.

To, ku dubi unguwar Malam Inna a cikin garin Gombe. Ga ta daf da Jami'ar Jihar Gombe wadda aka kafa a 2004, ga yara cike da makarantu. Malami zai yi ta kwatanta musu teku a kan allo, su ko ba su taɓa ganinsa ba, alhali shaidarsa na kwance a jiharsu. Sunan garinsu yana cikin littattafan Turai, amma yaron unguwar bai taɓa riƙe dutsen a hannunsa ba. Ashe wannan ba abin kunya ba ne?

Wani zai ce, mutane na fama da tsadar abinci, ina ruwanmu da duwatsu? Gaskiya ne siminti na ciyar da gidaje masu yawa, ba kuwa mai cewa a daina haƙa. Amma abin da inji ya niƙe ya tafi ke nan har abada, kuma ware 'yan kaɗan ba zai rage buhu ko ɗaya a kasuwa ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun gane haka, ga ƙasusuwan manyan dabbobin da a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, ɗalibai na zuwa kallo. Kada mu manta kuma, wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldib ya fito, daga shi muka sami kalmar kuɗi. Mun daɗe da sanin darajar abin teku.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na 'yan Gombe mazauna Kudu ita ce, kamar yadda muke haɗa gudummawar masallaci da rijiya, mu haɗa ta akwatin gilashi a makarantun unguwanni irin su Malam Inna. Mu roƙi malaman jami'a su zaɓo duwatsun, su rubuta bayaninsu da Hausa, a nemi izinin kai ɗalibai wuraren haƙa. Mu kuma mu kawo katantanwar Ikko a jera ta gefe da gefe da ta gida, yaro ya gani da idonsa, ya yi tunani a kan ikon Allah. Wataƙila daga cikinsu a sami masanin da zai raɗa wa jinsi na gaba suna.

Allah ya sa a ji, a kuma yi aiki da shi, amin.