Ka tafi Umra, wa ka bar wa karen?

Tun da ƙwacen waya da haura katanga suka yi yawa, mutanen cikin ganuwa waɗanda iyayensu ba su taɓa barin kare ya taka zaure ba sun koma sayen karen gadi, har da irin na Turawa mai cin kuɗi. Ban ga laifinsu ba. Ko Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, mai Risalar da muke karantawa a zaure, malamai na ba da labarin cewa da katangarsa ta faɗi sai da ya ajiye kare. Ranar tafiya ce ke ci mini rai.

A lungunmu wani bawan Allah ya kwashi iyali suka tafi Umrar goman ƙarshe. Mota dai ya lulluɓe ta da tampol, ya cire mata batir. Naman firiza ya aika gidan surukai. Kare kuwa ya ɗaure shi a saman soro da sarƙar da ba ta kai kamu uku ba, a lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ga daɓen siminti, babu ko buhu na inuwa. Robar ruwan da aka ajiye masa ya kifar da ita da sarƙar. Muna tahajjud muna jin haushi, daga baya ya koma kuka. Haba, Alhaji! Wane ɗan makarantar allo ne bai ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba, ko na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare? Ka tafi neman daren Lailatul Ƙadari, ka bar mai rai yana lasar siminti.

Wai ai ya yi tanadi. Tanadin shi ne almajiri. Ya miƙa wa yaron da bai wuce shekara goma ba makullin zaure da naira 2,000, ya ce, "Ka riƙa miƙa masa ɗan abin da ya samu." Me zai samu? Yaron da shi kansa sai ya zaga gidaje da ƙoƙo kafin ya yi buɗa-baki! Komai a garin nan almajiri: wanki almajiri, shara almajiri, layin ruwa almajiri, kwasar kwata almajiri, yanzu kuma har da karen da mai shi kansa ke shakkar kwancewa. Ɗanka na cikinka ka hana shi hawa soron, ɗan wani kuma ka tura shi. In ya cije shi fa? Haukan kare in alamunsa suka bayyana magana ta ƙare, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, da yawansu yara. Allurar rigakafin a Vom ake yin ta, asibitin dabbobi kuma ga shi nan a Gwale. Ka tambayi masu karnukan nan katin allura ka sha kallo.

'Yan farautar da muke yi wa kallon 'yan daba sun fi mu a nan, don maharbi ya san cikin karensa kafin nasa.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka nemi babban mutum, ka saba shi da karen tun kafin tafiya, ka ba shi kuɗin tuwo da ƙashin mahauta da ladansa, ka sauko da dabbar tsakar gida inda akwai inuwa, ka bar lambar likitan dabbobi. In ba za ka iya ba, ka ba da shi ga mai iyawa. Masu unguwanni ma su daina jira sai maƙwabta sun kawo ƙara ana shawarar fasa kwaɗo. Duk mai karen da zai yi tafiya ya zo ya faɗi sunan wanda ya bar wa.